Kwano ɗaya ne fa ya ɗaga

Shekara uku ke nan da iska ta ɗaga kwano ɗaya a rufin ajin da nake koyarwa. Ɗaya tak. Aikin kafinta ne na rabin yini da 'yan ƙusoshi. Hedimasta ya rubuta wa hukuma takarda, ya sake rubutawa, aka ce babu kuɗin gyara a kasafin bana, a yi haƙuri.

Muka yi haƙurin. Ruwa ya yi ta bi ta wannan kafa har silin ya yi ciki, katakon da ke riƙe da rufin ya ruɓe, gara ta samu gida. Danshi ya gangaro bango, filasta ta soma zubewa, wayar wuta ta jiƙe har muka daina taɓa makunni. Da hadari ya haɗo yara sun san aikinsu: su ja bencuna kusurwa guda, a kafa bokiti gaban allo, ni kuma in yi ta ɗaga murya ina gasa da ɗigon ruwa.

Makon jiya silin ya rufto. Allah ya tsare, yara suna waje. Sai ga jami'ai da motoci da igiyar awo, wai gyaran gaggawa. Yanzu rufin gaba ɗaya za a kware, a sake katako, a sake waya, a yi filasta da fenti. Kuma tunda an kira shi gaggawa, wa zai tsaya tankiya a kan farashi? Abin da ɗan kwangila ya yanka shi ke nan. Sannan a fito ana kukan makarantun da suka lalace sun yi yawa, kuɗin ya fi ƙarfin gwamnati. Haba! Wa ya bar su suka lalace? Sabon gini ake so, mai allon suna da yanke kyalle. Buga ƙusa ba ya shiga labarai.

Kada ma a ce talauci ne. A Ingila a 2023, ana saura kwanaki a koma makaranta, aka umarci makarantu sama da 100 su rufe gine-ginensu saboda wani kankare mai raunin gaske da aka daɗe da sanin kwanansa ya ƙare.

Mu dai an gwamutsa ajina da na maƙwabta, yara huɗu a bencin mutum biyu. Jiya kuma na hango kwano ya ɗaga a rufin ɗakin karatu. Hedimasta ya ce in taya shi rubuta takarda.