Gadon Bulala

Mu mutanen Mai Wurno ne a Sudan, a bakin kogin Shuɗin Nilu kudu da Sinnar. Kakanninmu na cikin waɗanda suka biyo ɗan Sarkin Musulmi Attahiru gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, da niyyar Makka, sai zama ya kama su a hanya. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925, audugar Jazira ta ƙara riƙe su. Wannan kowa a garin ya sani. Abin da gidanmu kaɗai ke tinƙaho da shi shi ne bayan kakanmu, Allah ya jiƙansa.

Tabo ne layi-layi daga kafaɗa har ƙugu. Kawu ya ce ranar auren Kaka aka yi su, tun Ingilishi bai bar Sudan ba. Biki na kwana bakwai, an yi kamu, an sa lalle, an yanka sa, masu kalangu har muryarsu ta dushe, aka jere wa amarya ƙore da tasoshi da gadon angarib sabo fil. Rana ta ƙarshe wai ango ya tuɓe riga ya sha bulala bai ƙifta ido ba. Ina yaro bulalar bakwai ce. Da na shiga jami'a a Khartum ta kai sha biyar, don Kawu ba ya barin Sallah ta wuce bai yi mata ƙari ba.

Ni kuwa na kwashi labarin na zuba wa abokina, Baja'ale daga wani ƙauye kusa da Shandi. Su Ja'aliyyin suna da buɗan: a biki samari su tuɓe, su dogara da sanda, ango ya zane su da bulalar fatar dorina, mata na guɗa. Duk wanda ya motsa kafaɗa ya ja wa danginsa magana har jikoki. Da aurensa ya zo, kafin yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023, ya gayyace ni. Asida da naman rago ne suka kai ni, ba wani abu ba.

Kiɗan gangar dalluka na tashi, sai na ji ango ya ɗaga murya yana gabatar da ni: jikan jarumin da ya sha ashirin. Ashe ni ma na ɗan taɓa lissafin. Kafin in ce tak an zare min jallabiya, an danƙa min sanda.

Ta farko ta sauka. Jama'a, na ga garinmu, na ga kogi, na ga makarantar allonmu da malamin da ya rasu. Na so in ruga, ƙafa ta ce ba da ita ba. Na so in yi ihu, murya ta tafi unguwa. Na tsaya ƙiƙam kamar turmi, su kuwa suka ɗauka jarumta ce. Guɗa ta kaure, wata tsohuwa ta fesa min turare, ango ya ji daɗi ya ƙara min biyu na girmamawa.

Daga Shandi zuwa Khartum, daga Khartum zuwa Sinnar, bayana bai taɓa kujerar mota ba.

Kaka na ganina ta ce, "Maigida, wa ya yi maka zanen gado?"

Na ce, "Amarya, gadon mijinki na farko na karɓo." Na ba ta labari tiryan-tiryan, har da kukan da na ɓuya bayan garken awaki na yi.

Ta yi dariya har ta nemi ruwa. Ta ce, "Bulala a garin malamai? Wa zai bari? Dokin aro aka ba shi ya zo ɗaukata, shi da ko jaki sai an riƙe masa. Ƙawayena suka rangaɗa guɗa, doki ya zabura, ƙafarsa ta maƙale a likkafa, ya ja shi cikin shingen ƙaya. Dare uku na farko da allura na yi su, ina cire masa ƙaya."

"To me ya hana ki faɗa duk shekarun nan?"

Tana shafa min man riɗi ta ce, "Tumaki biyu ya ba ni na yi shiru. Kai kuma kukan bayan garke, nawa za ka biya?"