Ƙannena marubutan soyayya, ku zo mu yi magana

Assalamu alaikum ƙannena marubuta, musamman ku 'yan Kaduna da kullum sai an turo mana sabon shafinku a zaurukan WhatsApp. Ina karantawa, kuma ina ganin baiwa. Yarinyar da ke zaune a Rigasa ko Tudun Wada, da 'yar wayarta da guntun cajin da ta samu kafin a ɗauke wuta, ta hana matan aure barci suna jiran ci gaban labari, ai ba abar rainawa ba ce. Sai dai akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, gara ku ji ta daga bakin yayarku da ku tsince ta a bakin masu zaginmu.

Yawancin labaranku ba a garinmu suke faruwa ba. Za a ce Kaduna ne, amma mutanen ciki ban taɓa cin karo da irinsu ba. Saurayi ɗan shekara 27, miskili, ba ya dariya, ga kamfani a Dubai ga jirgin kansa. Yarinya fara sol, gashi har gadon baya, 'yar talakawa, ta kwaɗa masa mari a bakin titi, daga nan sai auren kwangila. Wannan ta gama, waccan ta ɗauka ta canja sunaye. Shi ya sa littafin da aka yi ta rububinsa bara, bana ko sunan jarumar ba mai tunawa.

Ku dubi Hajiya Balaraba Ramat Yakubu. An haife ta a Kano a 1959, ƙanwa ce ga marigayi Janar Murtala Ramat Muhammad, amma kada sunan gidan ya sa ku zaci a kan gata ta samu alƙalami. Cire ta aka yi daga firamare aka aurar da ita tana 'yar shekara 13, auren kuma bai yi ƙarko ba. Sai da ta dawo gida ta shiga ajin yaƙi da jahilci ta ɗora daga inda aka katse ta. Ke da kika yi jami'ar KASU ko ABU, kin fi ta takardu nesa ba kusa ba a ranar da ta fara rubutu. A 1987 ta fitar da Budurwar Zuciya, a 1990 kuma Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? suka fito.

To me ke ciki? A Wa Zai Auri Jahila? yarinya ce aka raba da makaranta aka haɗa da tsoho, ta ƙi zama, ta nemi ilimi har ta tsaya da ƙafarta. Duk wanda ya san tarihin marubuciyar ya san ba a bakin wani ta ji wannan zafin ba. A Alhaki Kuykuyo Ne, Rabi ce mai 'ya'ya tara, mijinta ɗan kasuwa ya yi amarya ya kore ta, ta koma sayar da abinci tana riƙe yaranta. Akwai soyayya a ciki, akwai zance da lefe da biki, amma ƙarƙashinsu akwai kuɗin cefane da kuɗin makaranta da gorin dangi. Mace na karantawa sai ta ga kanta, ko ta ga maƙwabciyarta. Wannan ne ya sa bayan shekara 22, a 2012, kamfanin Blaft na ƙasar Indiya ya buga fassarar littafin da Turanci, wadda Aliyu Kamal ya yi. Mutanen da ba su san hanyar Kano ba suka damu da halin da Rabi ta shiga. Attajirin Dubai kuwa kowace ƙasa tana da nata a littafi, ba wanda zai zo neman namu.

Abin haushin ma, Kaduna cike take da labarin da ba a taɓa ba. Ina labarin 'yar ma'aikacin masaƙa a Kakuri da aka sa wa rana, sai masaƙar KTL ta rufe a 2002, uban ya rasa na kayan ɗaki? Ina na masoyan da rikicin 2000 ya raba, gidan su ɗaya ya koma hayin kogi ta kudu, ɗayan ya tsaya ta arewa? Ina matar soja a bariki, wadda mijinta ke bakin daga wata da watanni, tana kwana da waya a hannu? Ina telan Kasuwar Barci da ya ɗinka kayan bikin wadda yake so, angon kuma wani ne daban? Ku zauna kusa da gwaggonninku ranar suna ku buɗe kunne, za ku tashi da abin rubutun shekara.

Sai maganar da ba na son yi amma dole. Batsa. Na san ita ke kawo masu biya da sauri, na kuma san ana rubuta "na matan aure ne" a saman shafi, kamar waya tana tambayar igiyar aure kafin ta buɗe. Magabatanku sun sha suka ba don sun rubuta haka ba, don kawai sun taɓo auren dole da zaluncin wasu mazan. A 2007 har ƙona littattafan Hausa aka yi a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, da sunan gyaran tarbiyya. Shekaru suka kwashe suna kare wannan sana'a daga sharri, ke kuma yau ki zo ki gaskata mai sharrin da hannunki. Ki tuna littafin takarda yakan yage ya ɓace, amma abin da ya shiga wayoyin mutane ba ki da ikon janye shi. Sunan alƙalami ma ba ya ɓoye mutum har abada. Lambar asusun da ake turo miki kuɗi sunanki na yanka ne a jiki.

Rubutun kansa kuma a gyara. A jihar nan, a Zariya, aka shirya gasar rubutun ƙagaggun labarai ta 1933 da ta fito da Abubakar Imam, a can kuma kamfanin ɗab'in littattafai na Arewa, NNPC, ya buga So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed a 1980. Waɗancan littattafan sai da suka bi ta hannun masu tacewa. Ke yau ke ce marubuciya, ke ce edita, ke ce maɗaba'a, to nauyin duka ukun na kanki. Ki koyi raba kalmomi da haɗa su, ki sa haruffa masu lanƙwasa a wayarki, ki rage cusa Turanci a bakin tsohuwar da a labarin naki ko aji ɗaya ba ta yi ba. BBC Hausa ta fara gasar gajerun labarai ta Hikayata don mata a 2016. Ki gwada shiga, ko ba ki ci ba za ki koyi yadda ake matse labari ya zauna a 'yan shafuka.

Batun kuɗi, ba laifi ki sayar da guminki, halak ɗinki ne. Amma kada ki karɓi kuɗin mutane a kan littafin da ke kanki ba ki san ƙarshensa ba, ki yi shafi 30 ki ɓace da uzurin rashin lafiya ko lalacewar waya. Bashi ne a wuyanki. Ki kammala shi tukuna, ki ajiye shi ya kwana biyu, ki ba wata wadda ba ta jin kunyar gaya miki gaskiya ta karanta, ba 'yan zaurenki masu "Allah ya ƙara basira Anti" ba. In ta ce babi uku na tsakiya jan rai ne kawai, ki cire su, sannan ki sa farashi.