Wai sai ya shiga ja

Jiya tun asuba na goya yarona zuwa wurin da ake raba abincin yara masu tamowa. Sai da rana ta take tsaka layi ya zo kaina. Ma'aikaciyar ko fuskata ba ta kalla ba, ta fizgo hannun yaron, ta naɗa masa zaren awon nan mai launi uku a damtse, ta ce, "Sha biyu. Na gaba!"

Na ce, "Malama, ban gane ba."

Ta ja tsaki. "Bai shiga ja ba. Sai wanda bai kai santimita 11.5 ba muke ba wa. Naki yana kan ruwan ɗorawa."

Na ɗaga rigarsa na ce, "Don girman Allah dubi haƙarƙarinsa, ana ƙirgawa. Gashin kansa ma ya yi ja."

"Baiwar Allah, ni na haifa miki shi? In ya shiga ja ki dawo." Ta mayar da ido kan wayarta.

Madalla da wannan shawara! Wato in koma gida in zuba masa ido ya ƙara zubewa, in ya kusa bakin kabari sai in kawo shi a ba shi lambar yabo. Rabin santimita ne ya raba ɗana da abinci. Ashe laifina ne da nake haƙura da nawa rabon ina ɗura masa.

Ita ma dai 'yar aike ce, abin da aka ba ta take rabawa. Masu manyan riguna nake tuhuma. Tun 1948 Majalisar Ɗinkin Duniya ta rubuta cewa abinci haƙƙin kowane ɗan Adam ne. A 1966 aka sake ɗaure zancen da yarjejeniya, gwamnatoci suka yi ta rattaba hannu. A 1996 suka hallara a birnin Rum, suka yi alkawarin rage masu yunwa da rabi kafin 2015. Da 2015 ɗin ta zo, ko kunya babu, aka ce to 2030, a nan za a ga bayan yunwa ƙurmus. Ga shi a 2023 mutum kusan miliyan 733 suka yi fama da ita, alhali kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin da duniya ke samarwa lalacewa yake yi ko ya ƙare a juji. A wajen tarukan nasu kuwa, na tabbata ba a auna damtsen kowa kafin a miƙa masa faranti.

An ce in dawo bayan mako biyu a sake aunawa. Na rasa addu'ar da zan yi, ya yi ƙiba ko ya ƙara ramewa.