Fumfuna a buhu, asara a garke

Wani marubuci ya ce gubar fumfuna a abinci tana hana aladu girma. Gaskiya ne, amma bai faɗi abin da ya fi ban tsoro ba: ko an kakkaɓe fumfunar, ko an dafa masarar, gubar tana nan daram. Aflatoksin, ɗaya daga cikin gubobin fumfuna, hanta take ci a hankali, sai ka ga alade yana ci amma ƙashin bayansa a waje, gashi duk ya tashi. Wata gubar fumfunar kuma, mai suna DON, sa shi take ya shinshina kwano ya juya, in ya ci ya amayar. Mai kiwo sai ya ɗauka tsutsar ciki ce, ya yi ta zuba kuɗi a magani, alhali buhun dusa na jingine da bango mai danshi. Masarar da danshinta ya haura kashi 14 cikin ɗari ba ta ajiya ba ce.