Inci Ukun Da Suka Jiƙa Atamfofin Hajiya

Ni jikan kafinta ne. Wannan maganar ce ta kai ni saman ɗan sitonmu na bayan gida a Houston, riƙe da guduma, bayan iska ta ɗaye rufinsa. Hajiya ta ce, "Baban Amira, ka kira masu aikin mana." Na ce mata kakana ya rufe rabin unguwarmu da kwano, abin a jini yake.

A nan Amurka yawancin gidaje ba kwano ake sa musu ba, shingil ne: falle-fallen kwalta masu yayyafin tsakuwa. Wanda na saya mai harshe uku ne, wato an tsaga bakin fallen na ƙasa gida uku, tsawo inci 36, faɗi inci 12. Rufin nawa ƙafa 100 ne murabba'i, mai shago ya ce ɗauri uku zai ci.

Da na karanta jikin ledar sai na ga wai inci 5 kaɗai ake bari a waje, sauran bakwai layin sama ya danne su. Na yi tsaki. Ka sayi abu da kuɗinka, a ce ka ɓoye fiye da rabinsa? Na ce wannan dabarar 'yan kasuwa ce, ba za a ci Bakatsine haka ba. Na buɗa shi zuwa inci 8. Ɗauri biyu suka ishe ni, na mayar da na ukun na karɓo kuɗina, har na biya na sayo wa yara askirim.

Kawunan ƙusoshi suna ta ƙyalli a rana, ban damu ba, ai haka muke ganinsu a kan kwano. Maƙwabcina, wani dattijon Bature, ya leƙo ta katanga ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni ko ina da bokitai da yawa. Na zaci aro yake so.

Daren Alhamis aka kece da ruwa irin na Houston, kamar da bakin ƙwarya. Da asuba Hajiya ta buɗe sito. Akwatunan atamfofinta uku, waɗanda ko Amira ba ta isa ta taɓa ba, suna zaune cikin tabki.

Dattijon ne ya hau tsani ya nuna min ɓarnata da yatsa. Tsagar da ke tsakanin harsunan tana kai inci 5, ni kuwa inci 4 kawai na bari a ƙarƙashinta, don haka kowace tsaga ta zama ƙaramar taga. Layin kwaltar da zafin rana ke narkarwa ya manne fallen sama, shi ma na bar shi a fili yana manne ƙura. Ƙusoshi huɗun kowane falle, da ya kamata su ɓuya, kowace ta zama hanyar ruwa. Layukan ma sun karkace kamar kunyar sabon manomi, tunda ban ja zaren alli ba.

Na koma shago na sake sayen ɗauri uku. Hajiya na shanya atamfofi a igiya, ko kallona ba ta yi ba, ta ce, "Wai Baban Amira, shi kakan naka, rufi yake yi ko rariya?"