Ina sunan kakanninmu a yaƙin Bama?

Wani rahoto ya ce sojojin Ingila ne suka ƙwace garin Myohaung da ke ƙasar Bama (Myanmar a yau) daga hannun Japan a Janairun 1945, to ina aka bar kakanninmu? Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma ne suka yi wannan gumurzu, kuma 'yan Arewa sun cika cikinsu. Kakana daga wani ƙauye kusa da Ringim aka ɗauke shi. Kaya ya riƙa ɗauka a ka cikin dajin Kaladan, inda mota ba ta shiga. Har ya rasu, lambar yabonsa na cikin tsohon gwangwani ƙarƙashin gadonsa. Duk mai cewa yaƙin Turawa ne, jinin wa ya zuba a can?