Gero: Nijar da Najeriya

Wallahi wannan rahoto da ya ce Nijar ta wuce mu a noman gero bai ba ni mamaki ba. Da can Najeriya ce gaba nesa ba kusa ba, amma mu duk mun koma masara da shinkafa saboda kuɗi, ga tsadar taki ga 'yan bindiga sun hana Zamfara da Katsina shiga gona, to ina geron zai fito? Su kuwa 'yan Nijar bayan yunwar 2005 sun dage, a Maraɗi da Damagaram za ka ga gawo tsaye tsakiyar gona ba a sare shi ba. Mu dai masara da dawa har yanzu mun fi su. Ku leƙa kasuwar Dawanau ta Kano ku tambayi farashin buhun gero kawai.